Yadda Mai Unguwa Ya Shanye Wa'azina

Kai mai riƙe da wannan takarda, ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka bi ta gefen rijiyar Gafasa ranar kasuwar Gaya, ka ga bakinta ya zube ta gabas, ka ga mata suna jan guga a karkace kamar masu leƙen ramin kura. Sai ka ɗauke kai, ka shiga yaba kitson jakin wani. Akuyar Barira ta faɗa ciki, aka ce tsautsayi. Ɗan maraƙin Fulani ya faɗa, aka ce ajali. Jira kuke mutum ya faɗa, ku ce ƙaddara, ku zauna cin gumba.

Sunana Lurwanu. Saboda rijiyar nan na baro Gafasa na zo Gaya, zauren Malam Bubayero, inda masu karatun littattafai suke koyon tsara magana a rubuce. Na yi ta faɗa da baki har muryata ta dushe, ba wanda ya motsa. A garinmu maganar saurayi iska ce, amma abin da yake a takarda ana karanta shi a ƙofar masallaci, dattawa su yi tsit. Don haka takarda nake nema, kuma ina neman ta kafin ruwa ya sauka.

Malam yana da ƙa'ida. Takarda daga bayan hamada fatake suke kawo ta, ba ya ba ɗalibi ko falle ɗaya sai rubutunsa ya tsira a kan allo. Za ka rubuta, ka karanta masa, ya lumshe ido yana saurare. In ya buɗe, ɗayan biyu zai ce: "Kwafe," ko "Wanke."

Na farko na ɗauko shi daga halittar ruwa. Na bi ta ɗufana, na ratsa ta rijiyoyin magabata, na cika allona ciki da baya, na aro na wani.

Malam ya ce, "Lurwanu, ina rijiyar?"

"Allah gafarta Malam, tana tafe. Tana allo na gaba."

"Kafin ta iso jakin wani ya faɗa. Wanke."

Na koma na sa rijiyar a farkon magana. Daga nan na hau kan mai unguwar Gafasa, Bappa Ɗantani, wan mahaifina, wanda hakkin gyaran yake wuyansa. Na kira shi mai barci da rawani. Na kwatanta shi da turmi, wanda sai an mirgina shi yake tashi. Baiti bayan baiti, kowanne yana faɗawa daidai.

Malam ya ce, "Ya yi daɗi, har ƙafata ta so ta motsa. To wanda ya ji wannan, me zai tashi ya yi?"

"Zai ji kunya, Allah gafarta."

"Ka taɓa ganin kunya ta ɗauki gatari? Wanke."

Haka muka yi ta yi, ina cikawa yana sa ni wankewa. To ruwan wankin allo ba a zubar da shi inda ƙafa take takawa, tunda ba rubutun da ba ya farawa da sunan Allah. A wata tukunya ake tara shi a lungun zaure, in ta cika a kai gindin tsamiya a juye. Sauran ɗalibai ɗan ɗigo suke yi mata. Ni kuwa, da tsawon maganata da kaurin tawadata, ni kaɗai na cika ta, ruwan ya yi baƙi ƙirin kamar na marina.

Wata ranar kasuwa muka raka Malam bikin suna a Kademi. A bayanmu sai ga Bappa Ɗantani ya iso zauren yana dafe da ciki. Ɗanwake ya samu a kasuwa, ya ci ya wuce misali, ya zo Malam ya ba shi rubutun sha. Wadda ya tarar ita ce Gwaggo Gaji, yayar Malam, tsohuwar da ba a taɓa zo mata da buƙata ta ce babu ba. Ta leƙa tukunya, ta ga baƙi, ta cika masa ƙwarya.

Da muka dawo muka same shi ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, leɓɓansa baƙi wuluk, yana gyatsar da take watsa kaji.

Ya ce, "Malam, wannan rubutu naka ban taɓa shan irinsa ba. Tun bai gama sauka ba cikin ya sake ni."

Malam ya dubi tukunya, ya dube ni. Ya ce, "Ba nawa ba ne, mai unguwa. Na ɗanka ne."

Na ce, "Bappa, ba aya ba ce ka sha! Wa'azi ne a kan rijiya, kuma da kai nake a ciki. Cewa na yi kai turmi ne!"

"Shi ya sa na ji ɗaci-ɗaci. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da saura?"

Na juya wajen tsohuwa. "Gwaggo, don Allah me ya kai ki?"

Ta ce, "Ruwan allo dai ruwan allo ne, ɗan nan. Mutum yana murƙususu a ƙasa, in tsaya tambayar tukunya wa ya rubuta ta?"

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya game Gafasa har Ajingi, wai ɗan ƙanen mai unguwa ya zama malamin da rubutunsa yake saukar da kumburi. Mutanen da na daɗe ina bi gida-gida suna rufe mini ƙofa, su ne suka jeru a ƙofar zaure, kowa da gora. Ga mai ciwon haƙori, ga wanda jakinsa ya ɓata, ga wadda kazarta ta daina ƙwai. Kowa cewa yake, "A ba mu irin na mai unguwa, mai kaurin nan." Wani dattijo ya jawo ni gefe ya ce, "Malam ƙarami, ni a zage ni sosai, ciwon nawa ya daɗe."

Na rantse musu ba magani ba ne. Suka ce haka malaman ƙwarai suke, ba sa yabon kansu.

Gwaggo Gaji ta ce, "Kai ma ba ka da dabara. Ce musu ba ya ci sai da ruwan rijiyar da aka gyara bakinta. Gobe-goben nan za ka ga maza da gatura."

Na ce, "Gwaggo, ban baro gida don in gyara rijiya da ƙarya ba. In na yi haka, gobe wani zai sayar musu da wankin tukunyar tuwo, su saya."

Malam, wanda tun ɗazu yake dariya cikin rawani, ya ce, "To me kake wa kuka? Masu sauraron da kake nema ga su sun kawo kansu. Sai dai mai riƙe da gora ba ya tsayawa dogon karatu. Rubuta abin da zai ji kafin hannunsa ya gaji."

Na zauna na rubuta. Ban taɓa shan wahalar rubutu irin ta ranar ba. Cika allo ba wuya, rage shi ne aiki. Na fitar da ɗufana, na fitar da turmi, kowace kalma na cire sai in ji kamar haƙori aka cire mini. Abin da ya rage bai kai rabin allo ba. Na fita ƙofar zaure na karanta:

"Bakin rijiyar Gafasa ya zube ta gabas. Ruwan farko zai ƙarasa sauran. Matanku da 'ya'yanku ne suke tsayawa a wurin kowace safiya. Ana buƙatar itacen ƙirya a gitta, da marmara a ɗaure bakin, da maza masu hannu. Itace yana wuyan mai unguwa. Hannu yana wuyanku."

Ashe mai unguwa ma yana cikin layin. Bappa Ɗantani ya sauke goransa.

"Ta gabas ka ce? Nan ne fa Kulu autata take tsayawa. Kai Lurwanu, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Bappa, tun yaushe nake faɗa! Har sha ka yi!"

"Ka yi ta faɗa, gaskiya ne, amma kullum kafin ka iso rijiyar gyangyaɗi ya ɗauke ni." Ya miƙe ya dubi jama'a. "Ku shaida, itace nawa ne." Sannan ya miƙo gora. "To, yanzu a wanke mana."

Malam ya buɗe ido ya ce, "Kwafe."

Jama'a suka yi ta gunaguni, wai an hana su rabonsu. Gwaggo Gaji ta ce kada su damu, takarda ma tana jiƙuwa. Shi ya sa na kwafe ta a bayan rumbu, Malam yana gadi da sanda. Da ya ga yawan abin da na ƙara a gaba da baya, ya ce ashe ban warke duka ba. Na ce dole mai karatu ya san yadda aka yi. Ya ce tunda na riga na ɓata takardar, in je.

Bappa ya cika alkawari. Itacen yana nan jibge a gefen rijiya, ƙirya mai kyau. Ka san abin da dattawan Gafasa suka yi da shi? Sun mayar da shi wurin zaman hira. A kansa suke zama da hantsi suna cewa lallai yaron nan ya iya magana, lallai ya kamata a gyara. Hadari kuwa ya fara haɗowa da yamma, jiya har an ji ƙamshin ƙasa.

Saboda haka, kai da ka karanta, da kai da aka karanta maka, ba yabo nake nema ba. Washegarin kasuwar Gaya, da an sallame sallar asuba, ka ɗauki gatari ko igiya ko kwandon ɗibar marmara, ka same ni a bakin rijiyar Gafasa. In ka tarar da dattijo zaune a kan itacen, ka gaishe shi da ladabi, ka ɗaga shi, ka kama ɗaya bakin itacen.