Furen da Take Bari a Mota

…kuma ƙafafun nan, tun safe suke mata zogi. Leata na tsaye a layi, bayanta jingine da bango. Haka ake yi a gidan tsofaffin nan na garin Logan: in wani ya cika, ma'aikata su jeru hagu da dama, a fito da shi ta babbar ƙofa, lulluɓe da bargon nan mai faci-faci. Ta inda ya shigo, ta nan zai fita. Yau Beryl ce, ta ɗaki na tara.

Ga Narelle, shugabarsu, tana share hawaye. Har mai girki na jan majina. Ita kuwa? Zanen gado take tunani. A yaye, a goge katifa, gobe wata za ta shigo… Haba, Leata! Gawa ce fa ke wucewa.

To laifin wa? Da tsoho Colin ya rasu, ai kuka ta yi har ta kasa tuƙi — barci ya ƙaurace mata — saura ƙiris ta ajiye aikin. Anti Palepa, wadda ta fi kowa daɗewa a nan, ta ja ta gefe: "Ke 'yar nan, haka za ki yi wa kowa? Ki riƙa barin zuciyarki a mota. In an tashi, ki ɗauki abarki."

Ta kuwa bi shawara. Kullum da safe sai ta zare furen da ke bayan kunnenta, wanda mahaifiyarta ke tsinko mata, ta ajiye gaban sitiyari, ta kulle mota. Dabara ta ci. Wanka, shafa mai, cokali a baki, na gaba. Ba kuka. Barci har da minshari. Har yabo ta sha a taro, wai ma'aikaciyar da ba ta gajiya. Ba ta gajiya! Aka haɗa mata da kek.

Wa ke rungume ta haka? Kerry, 'yar Beryl.

"Ke ce mai waƙar, ko? Mama ta ce da, in kina mata wanka, kina rera mata waƙar cocinku ta ƙasarku Samoa. Ta ce kin daina. Wai ko laifi ta yi miki."

Laifi? Beryl da ke ɓoye mata biskit a aljihun rigar barci… Yaushe ta daina? Bara? Bakinta na cewa Allah ya ba ku haƙuri, da muryar da take tambayar tsofaffi ko sun yi bayan gida.

An tashi. Mota ta ɗau zafi kamar tanda. Furen ya yi yaushi, gefensa ya ƙone. Tana maƙala shi a kunne. To, zuciya, zo. Beryl ta rasu. Beryl mai biskit, ta tafi tana zaton… Zo mana!

Shiru. Ƙafafun kawai.

Jiya ma a gida — Mama, mahaifiyarta, a kan kujerar wanka, ta kama mata wuyan hannu: "Leata, a hankali. Ni ce fa."

"Na sani, Mama."

Ta sani? Ko fuskarta ba ta kalla ba. Ta gaji, wallahi ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani.

Makulli na hannunta, ta kasa murɗawa. Mama na can tana jiran wanka. Anti Palepa ta faɗi inda ake ajiye zuciya. Ba ta faɗi yadda ake yi ba in an dawo ba a tarar da ita ba…