Alhamis Ɗin da Kulu Ta Ɗaga Kai

"Ya yi?"

"Bai yi ba, Baba!"

"To yanzu hwa?"

"Baƙi ƙirin! Mai da shi gabas!"

Ina tsaye a kan turmi ta bayan katangarmu, ina leƙen gidan maƙwabciyata Kulu, kamar yadda na saba shekara talatin da 'yan kai. Sodangi, ƙanen mijinta marigayi, yana kan tsani ya rungume dish, wannan farantin ƙarfe mai kamo tashoshi, yana murɗa shi dama da hagu kamar mai tuƙin tuwon biki. Daga cikin ɗaki Kausar, matar ɗan Kulu, ke ba shi amsa. Azahar ta wuce. Ƙarfe biyar za a fara shirin ɗiyar Kulu a talabijin. Kulu kuwa tana kwance a ɗakin, kwana goma ke nan da likitocin Sakkwato suka ce a mai da ita gida a yi ta addu'a.

Ni kaɗai a duk Boɗinga na san abin da ya sami farantin nan, na kuma ja bakina na yi shiru. Wanda ya san ni, Ige, ya san shiru ba sana'ata ba ce.

Bari in koma baya kaɗan. Da can eriya gare mu, a kan doguwar gora. Hoto na zuwa da yayyafi, mai karanta labarai kamar inuwa a cikin ruwan sama, kuma Sodangi ne sarkin juya gorar. Ya juya, a ce saura kaɗan, ya ƙara juyawa, hoto ya washe a hankali. Daga baya aka kawo faranti da akwatinsa, dikoda. To sai bana kamfanin suka yi ta sako wani rubutu yana gudu a ƙasan talabijin, wata da watanni, wai tsofaffin akwatuna za su daina aiki, kowa ya kai nasa a musanya. Da Turanci ne. Ni ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma Hausa aka koya mana. Wata safiya talabijin ɗin unguwa duka suka yi baƙi a tare, har Hajiyar bakin masallaci ta ce hannu aka sa mata.

Sababbin tashoshi kuwa, waɗanda ake ce wa ec-di, masu hoto tangaran, dama can ba sa fitowa sai a sabon akwati. A ɗaya daga cikinsu Zulaihatu, ɗiyar Kulu ta fari, take aiki a Abuja. Shekara biyu ana cewa tana gabatar da shirin noma da kiwo duk Alhamis, amma a unguwarmu ba mahaluƙin da ya taɓa ganinta a talabijin.

Nan ne bakina ya ja mini. A wani suna a Sifawa na ce, ni dai a ganina shara take yi musu. Wata ta miƙo mini waya ta ce in duba. Na ce waya? Yaran yanzu ko akuyata suna iya sa ta karanta labarai a waya. Aka yi dariya har da tafi. Kafin in dawo gida maganar ta riga ni isowa.

Kulu ba ta ce komai ba. Bafillatanar Kajiji ce, can ƙasar Shagari, kuma su ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yabonsa, ba a tare masa faɗa, ko kallonsa ba a yi a gaban mutane. "Yarinyar nan" take ce wa Zulaihatu tun tana goye. Abin da ta yi kawai, wata guda cur ba ta aiko mini da man shanun Kajiji ba.

Da ciwo ya yi tsanani Zulaihatu ta zo ta yi jinya mako biyu, ta taho da sabon akwati da talabijin mai faɗi, siriri kamar allo. Hutunta ya ƙare ta koma, a kan za ta dawo ran Juma'a. Ran Laraba Lawali mai haɗa dish ya zo ya kafa sabon faranti a kan katangar da ke tsakaninmu. Na shiga gaida Kulu bayan ya tafi. Ta rame har awarwaronta na kaiwa gwiwar hannu.

"Ige," ta ce, "gobe da marece ki taho."

"In taho in yi mi, Ta Kajiji?"

"Ki taho da idonki. Bakin ki bar shi gida shi huta."

Na fita na bi gida-gida na gayyato matan unguwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, rabin zuciyata na son a ga yarinyar, rabi na son a ga ni ce mai gaskiya.

Sai safiyar Alhamis na yanka kuɓewa zan shanya. Awakina ba sa barin komai a ƙasa. Na ɗaga kai, ga faranti sabo fil, fari tas, rana na dukansa, akuya ba ta isa wurin ba. Matsalarsa ɗaya, a karkace yake, kuɓewar na zamewa. Na hau turmi na kama shi da hannu biyu na ɗan kwantar da shi. Ya yi ƙara ƙiii. Na ce a raina, ai ƙarfe ne, in ta bushe na mai da shi. Da hantsi na ji Kausar na salati a ɗaki, wai hoto ya ɗauke. Na kwashe kuɓewata cikin zane na shige ɗaki kamar ba a garin aka haife ni ba.

An kira Lawali, ya ce yana can bayan Kajiji yana wani aiki, ko ya taso yanzu ba zai iso ba sai bayan magariba. Shi ne Sodangi ya ɗauko tsani.

La'asar ta yi, ya sauka ya yi salla ya sake hawa. Mata sun fara shigowa, ina jin takalmansu a zaure. Sai na ji muryar Kulu ta taga, can ƙasa-ƙasa.

"Kausar, ce mashi shi sauko. Allah bai nufa ba."

A daidai nan Sodangi ya tsaya. Ya ɓamɓaro wani abu daga leɓen farantin, ya kai kusa da ido, ya shinshina.

"Kuɓewa," ya ce. Ya waiwayo a hankali, ya same ni a kan turmi. "Ige. Kuɓewa ta hau katanga da ƙahwatta?"

Na so in ce tsuntsu ne. Har na buɗe baki. Amma wannan "Allah bai nufa ba" ta hana ni, don na san Kulu ba za ta ga wata Alhamis ba.

"Tawa ta," na ce. "Ni na kwantar da shi. In zagi za ka yi, aje shi sai gobe, ina gida. Yanzu saurara in hwaɗa maka yadda za a yi."

"Ke? Shekara talatin ina juya eriya a garin ga!"

"Shi ya sa tun azahar kake tuƙin tuwo babu gari. Wanga ba eriya na ba."

Abin da ya cece mu shi ne halin nan nawa da kowa ke zagi. Ran Laraba, tun da Lawali ya sa tsani har ya sauke, ina kan turmin nan ina kallonsa. Na ga yana motsa farantin da faɗin yatsa ɗaya, sai ya cire hannu ya tsaya shiru. Na ce masa, Lawali, wuridi kake yi? Ya ce, Inna, hoton zamani ba ya zuwa kaɗan-kaɗan irin na da. Ko ya zo duka ko babu, kuma sai an jira shi. In kana juyawa ba tsayawa, sai ka wuce wurin sau ɗari ba ka sani ba. Na kuma ga inda hannun farantin ya nuna da ya gama: daga kan turmina, kansa na tsakanin lasifikar masallaci da reshen dogon yaron gidan Hajiya.

"Tashe shi tsaye tukuna," na ce wa Sodangi. "Ƙara. To, kawo shi wajen masallaci. Ya isa! Cire hannu."

"In cire hannu?"

"Cire! Yi salati ukku."

Ya yi, yana hararata. Kausar ta ce babu. Na ce ya matsa da faɗin yatsa. Salati uku. Babu. Matan da ke tsakar gida suka kama mana salatin, har abin ya zama kamar wurin walima. Sau bakwai muna yi. Gumi na bin gemun Sodangi. A na takwas, yana cikin salati na biyu, Kausar ta ƙwalla ihu.

"Ya zo! Wallahi ya zo! Baba kar ka taɓa!"

Sodangi ya ɗaga hannayensa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Wata ta rangaɗa guɗa, aka ce mata ke, akwai marar lafiya. Ni ban san lokacin da na zaga ta ƙofa ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ɗakin ya cika maƙil, har bakin ƙofa. An jingina Kulu da matasai biyu. Kausar ta danna lambar tashar da Zulaihatu ta rubuta mata a bayan kwali. Aka yi ɗan kiɗa, aka nuno gonar albasa, kore shar, har raɓar da ke kan ganye kana gani. Sai ga ta.

Jama'a, ban taɓa ganin mutum a talabijin haka ba. Kamar ta ɗaga labule ta shigo. Ga wushiryarta. Ga tabon nan na girarta, inda maraƙi ya harbe ta a Kajiji tana shekara shida. 'Yan kunnen da ke kunnenta ma na Kulu ne, na san su tun suna sababbi. Ta yi sallama, ɗakin duka ya amsa mata. Ta faɗi sunanta da na ubanta, ta ce daga Boɗinga. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Boɗinga tac ce! Kun ji?"

Na juya in ga Kulu. Ta kau da kai, tana kallon bango.

"Ta Kajiji," na ce a kunnenta, "duba mana."

"In duba mi? Ɗiyar mutane ta."

Mata sun fi ashirin a ɗakin, kuma kowace na satar kallonta. Ko da wuƙa a wuya ba za ta ɗaga ido a gabansu ba. Sai na hau bakin gadon na zauna tsakaninta da su, na ware mayafina da hannu biyu kamar mai shanya, na tare ta.

"Kowa ta dubi gabanta," na ce. "Wadda duk ta waiwayo, ina da labarinta, kuma yau zan ba da shi."

Ba wadda ta waiwayo. Sun san ni.

A bayan mayafin Kulu ta ɗaga kai. Ta kalli ɗiyarta tun daga farkon shirin har ƙarshensa, rabin awa, ko ƙiftawa da ƙyar take yi. Hannuwana suka yi tsami, ban sauke ba. Abin da na gani a fuskarta kuwa, ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana ba, wannan na riƙe, kuma ba za ku ji shi a nan ba.

Da aka gama ta jawo bakin zanena.

"Ige."

"Na'am."

"Ban ga tsintsiyar ba. Ko ke kin gane ta?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni ma na yi, hawaye na zuba. Kafin magariba na zaga unguwa kaf, har gidajen da ba ma gaisawa, na ce Zulaihatun Kulu ce da kanta, na gani da idona, wadda ta ce shara take yi maƙaryaciya ce. Wata ta ce ai ke kika faɗa. Na ce to, ai shi na ce.

Zulaihatu ta iso ran Juma'a da la'asar, ta tarar da ita da rai. Kulu ta ce mata an sha hanya, ta kau da kai kamar kullum. Ran Asabar da hantsi Kulu ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Ni da Hajiya muka yi mata wanka. Allah ya jiƙan Kulu, ya sa ta huta.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta muna zaune a tsakar gida a kan tabarmi, ana karɓar gaisuwa. Zulaihatu na gefena. A fili 'yar ƙarama ce, ba ta kai yadda take a talabijin ba. Kwana biyu ba ta runtsa ba. Tun tana amsa gaisuwa har muryarta ta yi ƙasa, kanta ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗata. Can wata ƙawata ta Sifawa ta matso, idonta na ƙyalli, ta kawo baki kusa da kunnena da sabon labari. Na ɗora yatsa a leɓena. Kafaɗar ta mutu mini har yatsu, ban motsa ba, inuwar katanga na ta matsowa har ta rufe mu.