Baƙin Hayaƙin Motar Marigayi

Yusha'u bakanike ya taka totur, motar ta yi tari, salansa ta amayo baƙin hayaƙi har mai rake da ke bakin garejin ya ja baro ya matsa yana zagi.

Uwani tana tsaye a inuwar dalbejiya. Ba kallo ta zo yi ba. Ta zo kwashe kayan mijinta daga gaban motar ne: buta, darduma, tocila. Ta riga ta ƙulle su a ɗankwali.

Da wannan tsohuwar babbar motar mijin nata, marigayi Nasiru, yake ɗauko mata bandar kifi daga Wara zuwa kasuwar Yelwa, da ita aka ci aka sha. Ya rasu, ta yi takaba, motar na ajiye a ƙofar gida. Da ta fita takaba, ƙanensa Illo ya sa aka tayar. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, motar ta kasa hawa ko tudun makaranta. Illo ya kawo wani mai gyaran janareto, ya saurara ya ce inji ya mutu. Jiya aka sallama wa Alhaji Maikuɗi dillalin mota ita a farashin gawa, gaban shaidu, aka shafa fatiha. Yau Alhajin ya kawo ta a farke injin a sayar da kayan.

"Alhaji, wa ya ce maka injin nan ya mutu?" in ji Yusha'u.

"Mai idanu. Ba ka ga hayaƙi ba?"

"Na gani. Ai hayaƙi iri-iri ne. In shuɗi ne, baƙin mai take ci, ringi ya tafi. In fari ne mai kauri, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Wanga baƙi ne. Ko dai gas ya yi mata yawa, ko an shaƙe ta."

Ya zaro sandar awon mai ya duba. Ya buɗe lagireto, ruwa lafiya lau, ba kumfa. Ya ce kafin ya taɓa nozul mai fesa gas bari ya fara da abu mai sauƙi. Ya hau taya, ya kwance bututun da ke kai iska cikin matatar iska, ya zura hannu har gwiwa. Ya tsaya. Sannan ya jawo wani dunƙulen tsumma, baƙi ƙirin.

Uwani ta ƙura wa tsumman ido.

Ta tuna. Kwana kaɗan kafin a tafi da Nasiru asibiti, yana kwance a tabarma, ya ce mata motar za ta daɗe a tsaye, ta toshe bututun kada ɓera da zanzaro su yi gida. Haka yake yi duk damina in hanya ta yanke. Ta yage tsohon zanenta, ta taka turmi, ta cusa. Daga nan sai asibiti, sai likkafani, sai masu gaisuwa. Ba ta sake tunawa ba.

Yusha'u ya kakkaɓe matatar ya mayar, ya tayar. Motar ta yi tari ɗaya, ta kama. Ya taka totur har ƙasa. Hayaƙin ya tsinke, ya washe, ya ɓace. Injin na rugugi sumul, irin ƙarar da ke sa ta ɗora tukunya in ta jiyo ta daga kwanar gida.

"Ikon Allah," in ji Maikuɗi, yana shafa gemu. "Mayar da kowane noti, Yusha'u. Ba a farke komai."

Illo, wanda ya rako Uwani, ya yi tsalle ya sauko daga benci.

"Wallahi ba a yi ciniki ba! Alhaji, kai ne ka yi ta zagaya motar nan ranar sadakar bakwai, kowa ya gan ka. Kai ka sa aka toshe ta don ka saye ta banza. Dukiyar marayu! Mu tai wurin alƙali!"

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce in dai da algus, ciniki ya warware. Wani ya ce dama an san halin dillalan mota.

"Matar yaya, ki yi magana mana," in ji Illo. "Ba ki gan shi ba ranar?"

Gaskiya ne, ta gan shi ranar. Ya zagaya motar, ya bubbuga taya, bai taɓa injin ba. Ta dubi motar. Ta tuna kwandunan kifi da ke jiranta a Wara, da direbobin haya da ke ɗaukar kayan maza su bar nata a rana.

"Na gan shi," ta ce. Ba ta ƙara ba.

Hayaniya ta tashi. Maikuɗi bai ɗaga murya ba. Ya karɓi tsumman daga hannun Yusha'u, ya tsoma a bokitin wanke hannu, ya matse, ya warware shi a kan bonet. Ƙarƙashin dauɗar, atamfa ce koriya mai zanen tauraro ruwan ɗorawa. Ya dubi atamfar da kyau. Sannan ya juya ya dubi ƙullin da ke hannun Uwani. Illo ya bi idonsa. Kowa ya bi.

Zane da ɗankwali, yadi ɗaya aka yanka.

Illo ya saɓa babbar rigarsa ya nufi titi, bai waiwayo ba.

Maikuɗi ya ninke tsumman sau biyu, ya miƙo mata da hannu biyu, kamar mai ba da tsaraba.

"Ga kayanki, uwar marayu. Na yafe. In kina da kifi a Wara, motata za ta tai ran kasuwa. Ki yi wa direba magana da wuri, kin san wuri na cika."

Ta karɓa. Tsumman na ɗigar baƙin ruwa a ƙafarta.

Ta tari ɗan acaɓa. Ba su yi nisa ba motar ta fito daga gareji ta shiga gabansu, ta haye tudun makaranta ba tare da an canja giya ba.

"Kai, tsohuwa mai ƙarfi," in ji ɗan acaɓan. "Dubi, Inna, ko hayaƙi babu. Mai motar nan ya iya riƙo."

"Wuce ta," ta ce.

Ya murɗa totur, ya murɗa. Bai iya ba.