Cikin Damisa Ya Kumbura

Kwana biyu Dalhatu bai ba karensa Damisa abinci ba. Haka mafarautan Kahu suka gada: kare mai yunwa shi ke bin zomo da gaske. Damisa babban kare ne mai faɗin ƙirji, kansa yana kai ƙugun mutum. Tun hantsi yake gudu a daji, sai bayan azahar suka dawo gida da zomaye uku.

Jiya aka yi suna a gidan. Lubabatu, matar Dalhatu, ta tattara sauran shinkafa da wake da ƙanzon tukwane a babbar roba, ta tura bayan rumbu. Ita da ba ta taɓa barin karen ya matso kusa da kwanukanta ba, yau ta ga haƙarƙarinsa a waje ta ji tausayi, ta ajiye masa robar. Kafin Dalhatu ya idar da salla robar ta koma wayam. Karen ya bi da ruwa rabin bokiti, ya zabura ya kori awakin maƙwabta.

Wajen la'asar Damisa ya kasa zama. Ya kwanta, ya tashi, ya zagaya rumbu, ya sake kwanciya. Yana yunƙurin amai, ba abin da ke fitowa sai farin kumfa. Dalhatu ya ɗan ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya ji yana amsawa kamar ganga.

Mato, maƙwabcinsa mai kiwon shanu, ya leƙo ta kan danga.

"Kumburi ne, irin na shanu. Kawo kanwa da man gyaɗa mu ɗura masa."

Suka ɗura. Duk ya dawo ta gefen baki.

"Kai, karenka ma taurin kai gare shi, kamar ubangidansa," in ji Mato, amma bai yi dariya ba.

Dalhatu ya kira wani likitan dabbobi a Rano. Yana magana yana kai da komo tsakanin rumbu da ƙofar gida.

"Malam, kada ku sake ɗura masa komai," in ji likitan. "Kare ba saniya ba ne. Ina jin tumbinsa ne ya murɗe, ba abin da zai shiga, ba abin da zai fita. Ya cika ciki a tashi ɗaya ne bayan yunwa?"

"Haka aka yi."

"Ya yi gudu bayan ya ci?"

"Ya yi."

"Ku taho da shi yanzu-yanzu."

Lubabatu na tsaye a bakin madafa, ta ji komai. Dalhatu ya dube ta ya kau da kai. Ita ta ba shi don tausayi, shi ya hana shi don zomo. Ya rasa wanne ne a cikin biyun ya murɗe tumbin.

Masu babur biyu suka ƙi ɗauka. Na ukun, Tajuddeen, ya dubi kumfar da ke dalala ya ja tsaki.

"Baba Dalhatu, da rigar nan nake salla fa."

"Ni zan rungume shi. Ko gashinsa ba zai taɓa ka ba."

Ya naɗe karen a buhu, ya ɗora shi a kan cinyarsa, suka kama hanyar Rano. Kowane rami suka faɗa sai Damisa ya yi nishi. Dalhatu ya ɗaga leɓensa, ya ga dasashin ya yi fari fat.

"Ƙara wuta, Tajuddeen."

"Baba, kashe mu kake son in yi?"

Suna hango gidajen farko na Rano nishin ya tsaya. Jikin ya saki, nauyinsa ya ƙaru a hannun Dalhatu. Ya sa tafinsa a ƙirjin karen, ya jira, ya sake jira, bai ji bugun zuciya ba.

"Yaya yake?" Tajuddeen ya tambaya da ƙarfi saboda iska.

Dalhatu bai ce masa ya tsaya ba. Babur ya ci gaba da gudu.