Akuyar Gwaggo da Hanyar Tula

"Abba! Abba, fito, ta cinye Kaltungo!"

Suhaibu ya yar da butar da ke hannunsa ya fito a guje, ƙafa ɗaya da silifas, ɗaya babu. A ƙofar gidansu da ke Federal Low-Cost ya tarar da 'yarsa Rumaisa ta riƙe gefen wata faffaɗar takarda da hannu biyu tana ja. Ɗaya gefen yana bakin wata jar akuya da ke tsaye a kujerar bayan motarsa, ta leƙo kai ta taga tana tauna hankalinta kwance.

"Sake mata, kar ta haɗa da yatsunki!"

Kafin ya rufe baki takardar ta yage. Rumaisa ta faɗi zaune da rabi a hannu, akuya ta shige da sauran.

Taswira ce. Mako uku yarinyar ta yi tana zana ta da fensir mai launi, tun daga Gombe, ta Kumo da Billiri da Kaltungo, har kan duwatsun Tula. Malamar ajinsu, Malama Margaret, 'yar Tula ce, ita ta gaya musu cewa a ƙarshen damina, in mutum ya hau can da sassafe, zai ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Tun ranar Rumaisa ba ta da wata magana. Suhaibu ya yi mata alkawarin kai ta sau biyu yana saɓawa, na farko aka tura shi taro Abuja, na biyu mota ta lalace. Wannan ne na uku. Yau Asabar, jibi Litinin a koma makaranta. Malama Margaret ta riga ta shirya musu kwana a gidan mahaifiyarta, da sharaɗi ɗaya: su iso kafin magariba, don hanyar hawan ba a bin ta da duhu.

"Wa ya sa akuya a motata?"

Matarsa Najeeba na tsaye a baranda, goye da jariri, tana ƙoƙarin danne dariya. "Mai keke Napep ɗin da Dada ta aiko daga Pantami. Ya ga ka bar ƙofa a buɗe. Akuyar ta Gwaggonka ce ta Kumo. Ka dai waiwaya, Abban Rumaisa, ba ka ga komai ba tukuna."

Ya waiwaya. A jikin bango an jingine katifa sabuwa a ledarta. Ga keken ɗinki an naɗe shi da zani, ga buhun shinkafa biyu, ga jarkar man gyaɗa. Kowanne an rubuta masa suna da gari a kwali an ɗaura da zare. Keken ɗinki Billiri. Shinkafa da mai Dukku. Katifa Bajoga.

"Dukku? Bajoga?" Suhaibu ya dafe kai. "Mu da za mu kudu?"

"Ai na faɗa maka, ka bari sai kun wuce Kumo ka yi mata sallama ta waya."

"Haba Najeeba, in bar gari ban durƙusa gaban mahaifiyata ba?"

"To ka durƙusa, ita kuma ta je gidan suna jiya ta shaida wa mata ɗanta zai yi tafiya da mota ba kowa a ciki. Ka san mai tafiya jakin unguwa ne."

Ya duba agogo, takwas da kwata. In ya kai saƙon Dukku ya dawo, ya nufi Bajoga ya dawo, la'asar ta yi kafin su ga hanyar Kumo. Ya ciro waya yana huci.

"Yanzu zan gaya mata. Ba zai yiwu ba, kowa ya zo ya kwashi kayansa."

Najeeba ta gyara goyo ta jingina da ƙofa, kamar mai jiran kallo.

Dada na ɗauka, Suhaibu ya rusuna a tsakar gida sai ka ce tana gabansa. "Dada, ina kwana? An tashi lafiya? E, sun iso. Dama maganar Dukku ce, Dada, hanyar... Na'am. Haka ne. Duk hanya ta Allah ce. To Dada. In sha Allahu, Dada. Ba komai."

Ya kashe waya ya kasa ɗaga ido. Da ƙyar ya matsa ya tsuguna kusa da Rumaisa, wadda ke zaune a ƙasa tana lallaɓa rabin taswirarta a kan gwiwa.

"'Yar Abba, kin ga, hutun Disamba ba nisa..."

"Disamba babu gajimare," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Malama ta faɗa. Kuma ciyawa ta bushe."

Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi komai taɓa shi. Ta ninke takardar gida huɗu, ta miƙe ta kakkaɓe siket, ta miƙa hannu.

"Ara mini wayarka."

"Me za ki yi?"

"Ƙawata zan kira."

Kafin ya gane, ta danna lambar ƙarshe ta buɗe murya kowa na ji.

"Ke tsohuwa, kin ci kin ƙoshi kin hana mutane tafiya?"

Suhaibu ya zaro ido ya kai hannu zai ƙwace. Najeeba ta riƙe masa hannun riga. "Bar su. Tsakanin jika da kaka ba ruwanka."

Muryar Dada ta fito tar. "Wace mara kunya ce wannan da sassafe? Mai kan ƙwarya?"

"Ni ce, mai haƙori uku. Akuyarki ta cinye mini taswira. Kuma ki faɗa mini, tunda aka haife ki kin taɓa zuwa Dukku ta Kumo?"

"Ubanki bai yi ƙorafi ba."

"Ai ba zai iya ba. Yana magana da ke yana durƙuso, har gwiwarsa ta yi ƙasa. Ni zan faɗa. In muka je Dukku da Bajoga ba za mu kai Tula ba, jibi kuma makaranta. Sau uku kenan."



"Tula za ku?" Muryar Dada ta sauya. "Ni cewa ya yi za ku yi tafiya. Me za ki gani a Tula?"

"Gajimare a ƙarƙashin ƙafata."

Dada ta yi wata 'yar dariya. "Gaskiya ne kuwa. Kakanki ya yi koyarwa a can shekara biyu, ina goye da yayan ubanki. Da safe in na fito shanya sai in ga fari fat a ƙasa kamar an baza auduga, ƙauyuka duk sun ɓace. Ki tafi da rigar sanyi, kar ki dawo mini da majina. Ba ni wannan mara bakin."

Suhaibu ya karɓa da hannu biyu.

"Kai yanzu da gemunka ba ka iya cewa Dada ba hanya ba ce? Sai yarinya ta faɗa? Ka bar na Dukku da Bajoga a nan, zan turo Hudu mai keke ya kai su tasha a Bolari. Akuya da keken ɗinki kuwa kan hanyarku suke, ba fashi."

"To Dada. Na gode, Dada."

"Ka ce wa ƙawata ta tsinto mini ɗan dutse daga can sama. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu."

Gidan ya kacame. Suhaibu ya jawo akuya daga kujera tana turjiya, ya shimfiɗa mata tsohuwar tabarma a but ɗin mota, ya ɗaure murfin da igiya a buɗe don ta sha iska. Najeeba ta goge kujera, ta kawo kular dambu da gorar zoɓo da rigar sanyi ja. Rumaisa ta ciro kalandar bara daga bango ta kifa ta, ta sake zana hanya a bayanta da sauri. A Kumo ta zana akuya da ƙahoni dogaye fiye da na gaske. A Billiri keken ɗinki. A Tula ta zana mutum biyu, babba da ƙarama, tsaye a kan wani farin abu.

"Kumo minti goma kawai, Abba. Ko Gwaggo ta ce an ɗora tuwo."

"Ke za ki faɗa mata."

"Ni zan faɗa."

Tara da minti biyar ya tayar da mota. Rumaisa na baya ta rungume keken ɗinki da hannu ɗaya, taswira a ɗaya. Najeeba na ɗaga musu hannun jariri. Suhaibu ya yi bisimilla ya saki birki, a ransa yana lissafin cewa ko an ɓata awa biyu a hanya, da sauran rana za su hau dutsen.

Sai wani keke Napep ya sha gabansu ya tsaya cak.

Wani dogon dattijo ya sauko a hankali, da malafa da sanda, rungume da tulu an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure tam. Bai yi wata-wata ba ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya ɗora tulun a cinya.

"Salamu alaikum. Kai ne Suhaibun Dada? Ni ne Bubayero. Jiya a gidan suna ta ce mini kujerar gaba ba kowa. Ba nisa za ni ba, gaba da Kaltungo kaɗan."

Suhaibu ya dubi tulun. A lokacin ne suka ji wani gunji siriri yana tashi daga cikin tulun.

Rumaisa ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Baba, mene ne a ciki?"

"Ƙudan zuma ne, jikata," in ji dattijon, yana shafa tulun. "Ba su da faɗa ko kaɗan. Ka dai riƙa kaucewa ramuka, ɗana."