Ranar Da Aka Hana Tanki Iska

A masana'antar da ke bayan tashar mota, ƙwayoyin bakteriya ake kiwo, halittun da ko ka sa tabarau ba ka ganinsu. A zuba su a tankin ƙarfe mai tsayin bene, a ba su ruwan sukari, a yi ta hura musu iska, su kuwa su yi ta fitar da sinadarin amino, wanda ake haɗawa a abincin kaji su yi ƙiba. Duniya kenan, har abin da ba a gani an sa shi ƙwadago.

Mai kula da babban tankin mijin 'yar mai kamfani ne. Ma'aikata na kiransa Sarkin Bayani, don ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ka ji tarihin agogo. Surukinsa ya ce in tankin nan ya yi kyau, kujerar manaja tasa ce. Gogan har ya ba tela ɗinkin labulen ofis, ya kuma kafa doka: duk wanda ya taɓa masa na'ura, a bakin aikinsa.

Ƙwayoyin na tsakiyar aiki, sai ga mai kamfani da matarsa da ƙannenta sun zo kallo. Sarkin Bayani ya gyara farar riga, ya hau matakala, ya buɗe baki. Ina! Injin iska sai ruri yake.

"Ɗan nan, me kake cewa?" in ji surukarsa. "Baki kawai nake gani yana motsi, kamar kifi."

Ƙannen suka tuntsire da dariya. Abin ya sosa masa rai. Ya miƙa hannu ya kashe injin, wai ai na ɗan lokaci ne.

"Mama, halittun nan kamar mu suke. In aka hana su iska, sai su bar aikin, ruwan ya yi tsami."

"Ikon Allah! Hanci gare su?"

Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Ya yi bayanin hanci, ya yi na sukari, ya gangaro kan kaji. Ya raka su mota yana yi, ya bi su gida cin abinci yana yi. Sai da ya kai loma baki ya tuna.

Ya iso masana'anta da takalmi ɗaya a hannu. Ma'aikata na tsaye, sun harɗe hannu.

"Don me ba ku kunna ba?"

"Ranka ya daɗe, doka ce."

Da yamma mai kamfani ya shinshina ruwan da aka ɗebo, ya yamutsa fuska.

"Baba, bari in yi maka bayani…"

"Ka yi ɗazu, na kuma gane. Daga gobe kai ne mai zagayawa da baƙi. Daga tagar gilashi."

Labulen dai tela ya kawo, ɗinki ya yi kyau. Matar Sarkin Bayani ta rataye shi a ƙofar banɗaki.