Tsohuwar Gidan Kuang Ta Mutu Sau Biyu

Tsohuwar ta rasu kwana tara bayan an naɗa ɗanta, Kuang Deshen, mataimakin gwamnan lardi. A dokar sarki, duk ma'aikacin da ya rasa uwa ko uba sai ya ajiye muƙami, ya koma gida makoki wata ashirin da bakwai. Kafin ya dawo wani ya gaje kujerar.

Yayarsa Ruilan, wadda ta yi jinyar uwar shekara shida, har ta ɗauko farin ƙyallen makoki sai ga shi ya shigo ya tura ƙofa. Ko gadon bai kalla ba. Ya ce kada wanda ya yi kuka, tari ne kawai ke damun Inna.

"To, ranka ya daɗe, yaushe tarin zai sake ta?" in ji Ruilan.

"Sai na zauna daram, Yaya. Ita ma abin da za ta so ke nan."

Rago ne ke sa wa gawa magana a baki, don ya san ba za ta ƙaryata shi ba.

Aka sa ta a akwati, aka liƙe da ƙaro shafi bakwai, aka tura rumbun shinkafa. Kullum ana kai kunu ƙofar ɗakinta saboda idon maƙwabta, Ruilan ke shanyewa. Masu neman alfarma suna kawo wa tsohuwa magani, Deshen yana karɓa hannu bibbiyu har da godiya. Sau uku Ruilan ta roƙi a binne uwarsu kusa da mahaifinsu, sau uku ya ce ta ƙara haƙuri.

Bayan wata goma sha huɗu sarauta ta rushe, dokar ta bi ta. Da safe Deshen ya datse kitson ƙeyarsa, alamar biyayya ga sarki, da yamma ya sanar cewa Inna ta rasu jiya. Zaɓe na tafe. Ya ɗauko masu kukan haya arba'in, aka ƙona wa mamaciyar gidajen takarda da dawakan takarda don ta same su a lahira, ya yi ta birgima gaban akwatin har jarida ta kira shi ɗa abin koyi. Da wannan birgimar ya shiga majalisa a Bejin.

Ranar ƙaryar aka sassaƙa a dutsen kabarin. Ruilan ta tuna masa cewa ranar da mutum ya mutu ake kai masa abinci duk shekara, Inna za ta zo ranarta ta tarar ba kowa. Ya gyara hularsa ta Turawa ya ce ai ta san Inna da haƙuri.

Duk shekara dangi na hawa tudun da gasasshen alade a ranar da ke jikin dutse. Ruilan ba ta taɓa bin su ba. Ran gaskiyar take hawa ita kaɗai, tana ɗingisawa a kan ƙafafunta da aka ɗaure tun tana yarinya don kada su girma, ta ajiye kwanon kunu a bayan dutsen, inda babu rubutu.